'Yar Yari a Kan Dutsen Kwatarkwashi

Litinin, 27 ga Mayu, bayan Magariba

Kwana tara ke nan da na tare a Kwatarkwashi, sai yau na ga inda na jefa biro. Yaya Saude ce ta cusa mini wannan littafin a jaka a tashar Gusau, wai tunda na daina magana da mutane in riƙa magana da takarda. To ga shi ina yi, kada ta ce ban taɓa jin maganarta ba.

Garin ba shi da girma. Dutse ne, sai gidaje da suka kwanta a gindinsa, sai 'yar kwalejin koyon noma da ta ɗauke ni aiki: ajujuwa shida, gona, da ɗakin ajiyar iri. Ɗakin nan shi ne nawa. Duk inda ka tsaya a garin nan dutsen yana kanka. Da safe ya tare maka rana, da yamma ya yi ta sako zafin da ya sha tun hantsi. 'Yan garin ko ɗaga kai ba sa yi su dube shi, ni kuwa har wuyana ya ƙage.

Gidajen ma'aikata suna bakin shinge ta wajen daji, kuma babu mai kwana can yanzu. Kowa ya san dalili, ba sai na ɓata tawada ba. Na kama ɗaki a gidan Iya, wata tsohuwa mai daddawa, gidan ƙarshe kafin a fara hawa. Ranar da na zo ta dube ni sama da ƙasa ta ce, "Ke ta 'yar bokon da anka kawo ta koya muna noma?" Na ce a'a, iri kawai nake ajiyewa. Ta ce, "Iri aje shi ake yi? Mu nan shibka shi muke yi." Madafar daddawarta tana bayan gida, kuma na yi alkawari ƙafata ba za ta taka wajen ba, warin da ke biyo ni har ɗaki ya ishe ni.

Ta ce in bi gidajen unguwa in gaisa da mata, haka baƙo ke yi a nan. Na ce to. Ba zan je ba. Na san irin gaisuwar: daga ina, 'yar gidan wa, ku nawa ne a ɗakinku. Da sun ji sunana Hussaina, na san tambayar da za ta biyo baya.

Laraba, 29 ga Mayu, hantsi

Na buɗe ƙyallen gwaji yau. Ƙwaya ɗari na jiƙa na naɗe kwana biyar, talatin da takwas suka tsiro. Bara tamanin da shida ne. In na bari sai baɗi, sai dai a watsa wa kaji.

Dawa ce, 'yar Yari muke ce mata a gida, don kakanmu Yari ne ya zo da ita 'Yankuzo tun ba a haifi babanmu ba. Doguwa ce ta fitar hankali, ta ninka tsayin mutum har da ƙari. Fara ce tas, tuwonta yana kwana bai saki ba. Ban san wani gida da ke da ita ba bayan namu, namu kuwa yanzu sai ƙadangaru.

Ɗan'uwana da aka haife mu tare, shi ya kawo mini ita Gusau a kakar bara waccan, zangarniya goma sha biyu ɗaure a bayan babur. Ya ce, "Ke ta 'yar boko, aje muna wagga, ban yarda da rumbu ba bana." A tsaye ya sha ruwa. Ya ce zai koma ya ƙarasa kwashe amfanin gona, ya dawo ranar Juma'a. Har yau bai dawo ba.

Na sussuke ta, na zuba toka da ganyen dogon yaro, duk da haka ƙwari sun ci rabonsu. Abin da ya rage gwangwanin madara huɗu ne. Bana za ta shiga ƙasa, ko kuwa ta mutu a hannuna.

Na shigar da ita rajistar ɗakin iri. Sunan iri na cike, garin da ya fito na cike. Layin da aka rubuta "wanda ya kawo" na bar shi haka nan.

Juma'a, 31 ga Mayu, azahar

Juma'a ce.

Litinin, 3 ga Yuni, bayan La'asar

Shugaban kwaleji, Dakta Mahadi, ya tara mu ya karanta takardar da aka aiko. Bana ba a yarda a shuka dawa ko gero ko masara a gonakin da ke kewaye da gari da na bakin hanya ba. Duk abin da zai ɓoye mutum a tsaye an hana. Gyaɗa, wake, waken suya, su kaɗai. Ya karanta ya goge tabarau, ya sake karantawa kamar ta biyun za ta fi daɗin ji.

Na ɗaga hannu na faɗi batun 'yar Yari. Ya ce, "Malama Hussaina, sa ta a firji mana zuwa baɗi." Na ce, "Yallaɓai, firjin da aka mayar kabad tun watan azumi?" Malamai suka yi ƙasa da kai suna danne dariya. Ya ce to zai rubuta wa babbar cibiyar bincike su karɓa su adana. Na ce kafin wasiƙarsa ta sami amsa ƙwari sun gama da ita. Mutumin kirki ne, ban ce ba. Amma duk abin da aka buga masa hatimi ya zama wahayi a wajensa.

Ba zan ba kowace cibiya ba. Ni aka ba ajiya.

Laraba, 5 ga Yuni, yamma

A garin nan in kana son waya sai ka hau dutse, a ƙasa babu sabis ko sanda ɗaya. Na hau yau don Yaya Saude ta ji muryata ta bar ni in huta. Sau huɗu ina zama kafin in kai. Ta ce in dawo gida, aikin banza ne, wa ya aike ni. Na ce ina jin ki ƙasa-ƙasa, Yaya, na kashe.

A sama na tarar da wani dattijo zaune kan wani falalen dutse, da bindigar toka a cinya da usur rataye a wuya. Malam Umar sunansa, tsohon maharbi. Aikinsa ya zauna nan daga fitowar rana zuwa faɗuwarta yana duban hanyar baya, wadda ta fito daga daji. In ya ga abin da bai gane ba ya busa. Ya nuna mini kufan mutanen da, inda kakanninsu suka zauna kafin a sauka ƙasa. Kasko fasasshe ko'ina, da duwatsun niƙa da suka lotsa.

Ƙasa da inda yake zama kaɗan akwai wani fili, bai fi tsakar gida biyu ba. Na sa hannu na ɗebi ƙasar, baƙa ce mai laushi, kashin awaki na shekaru ya narke a ciki. Na dawo gida na tuna takardar Dakta kalma kalma. Kewayen gari ta ce, da bakin hanya. Ba ta ce kan dutse ba.

Juma'a, 7 ga Yuni, azahar

Juma'a. An yi ruwa da asuba, ƙasa ta jiƙu.

Asabar, 8 ga Yuni, bayan Magariba

Na shuka. Hannuwana duk sun yi kanta, amma na shuka.

Da na fito da fartanya a kafaɗa da igiya da turaku, matan unguwa suka leƙo ta ƙofa suna kallona. Iya ta ce, "Ina za ki da kayanga?" Na ce sama. Ta ce, "To, a sauka lahiya," ta ci gaba da tsince kalwarta.

Na ja igiya, na auna tazara, na yi kunya goma sha ɗaya miƙaƙƙu daga sama zuwa ƙasa, kowace ta yi sak. Ko malaminmu na aikin gona ya gani sai ya ba ni maki. Malam Umar ya daɗe yana kallona, sannan ya ce, "Malama, haka anka koya muku?" Na ce haka aka koya mana, shekara huɗu. Ya ce, "Madalla," ya mayar da idonsa hanya.

Gwangwani uku na zuba, na bar ɗaya. Ban san abin da ya sa na bar shi ba, ƙila gajiya.

Talata, 11 ga Yuni, La'asar

Ruwa tun azahar, irin wanda ban taɓa gani ba. Magudanar da ta bi ta bayan gidajen unguwar nan ta cika da baƙin ruwa.

Laraba, 12 ga Yuni, hantsi

Babu komai a sama. Kunyoyina goma sha ɗaya sun zama hanyoyin ruwa goma sha ɗaya, ni na gina masa su da hannuna, miƙaƙƙu, ba ko kwana. Ƙasar ta tafi, irin ya tafi, sai dutse fari fat da turakuna biyu a tsaye.

Na zauna na yi kuka, ba zan ɓoye wa takarda ba. Malam Umar ya juya mini baya har na gama, na gode masa da wannan. Da na sauko Iya ta ga fuskata, ta fara dariya, sai kuma ta fasa. Ta ce, "Da kin tambaya." Na ce da kin faɗa. Ta ce, "Wanda bai shiga gidan kowa ba, wa za shi hwaɗa mai?" Na shige ɗaki na rufe ƙofa.

Shekara ɗaya da rabi ina kare ta daga ƙwari, na zubar da kashi uku cikin huɗu a yini guda don ina ji da igiya.

Lahadi, 16 ga Yuni, hantsi

Babbar Sallah. Ban je Gusau ba. Bara 'yan gidanmu sun bar wa ɗan'uwana kasonsa na nama a kwano har ya lalace, ba zan sake kallon wannan ba.

Talata, 18 ga Yuni, yamma

Iya ce ta buga mini ƙofa da sassafe, ta ɗaure ƙugu da tsohon zane. Ta ce, "Ɗauko sauran, mu tahi." Na ce wa ya ce akwai saura. Ta ce ta ga gwangwanin a ƙarƙashin gadona ranar da ta shiga shara. Ashe har shara ake mini ban sani ba.

Tsohuwar nan sau ɗaya ta huta a hanya, ni sau uku. A sama ta hana ni taɓa fartanya. Duwatsu ta sa muka yi ta jerawa a gicciye, layi layi, kowane layi ya tare gangara. Muka kwaso ƙasa daga tsagogin dutse muka zuba a bayansu. Ta ce a nan ba a yi wa ruwa hanya, tare shi ake yi har ya gaji ya zauna. Da tsinke take huda rami, ƙwaya huɗu, ta taka da diddige. Babu igiya, babu awo, layukan sun karkace kamar haƙoran tsoho. Na bi bayanta ina yin abin da take yi.

Da muka gama ta tambaye ni dawar wa ce nake wannan wahala a kanta. Na ce ta gidanmu. Ta dube ni jim kaɗan, ba ta ƙara tambaya ba.

Juma'a, 21 ga Yuni, azahar

Juma'a.

Alhamis, 27 ga Yuni, bayan La'asar

Ta fito. Gindi ɗari da sha bakwai, sau uku na ƙirga. An yi ruwa biyu masu ƙarfi, duwatsun Iya ko gezau. Na gaya mata, ta ce ita ba ta yi shekara huɗu a makaranta ba, sai a yi haƙuri da ita. Za ta yi ta mini wannan har in bar garin.

Ɗalibai suna raguwa. Iyaye sai aike suke yi a dawo gida. Mai shayin ƙofar kwaleji ya ce da yana dafa tukunya uku, yanzu ɗaya ma sai ya sha saura. Akwai abin da ya faru a hanyar Wonaka ranar Litinin. Na ji ana faɗin adadin mutanen da abin ya rutsa da su, na tashi daga wajen.

Alhamis, 4 ga Yuli, yamma

Birai sun gano ni. Yanzu daga tashi aiki sai sama, in zauna da majajjawa har rana ta yi ja. Ban iya harbi ba, amma na iya zagi, kuma da alama suna ji.

Matan unguwar nan sun soma raina ni a fili. Zainab, matar Idris maƙwabcinmu, ta tare ni a bakin rijiya ta ce, "Malama, dawar taku tana son takin awaki ko na kaji?" Wata kuma ta ce wai tana yin 'ya'ya daga gindi, ko a cire su? Na ce ku je ku tambayi ruwa, shi ya kwashe ta. Suka yi dariya har da tafawa. Iya ma kullum da safe sai ta fita da sakaina da 'yar fartanya, ta dawo ƙafa duk taɓo. Na tambaye ta, ta ce gaisuwa ta je, abin da wasu ba su iya ba.

Juma'a, 5 ga Yuli, azahar

Juma'a ce. Na ji ƙarar babur a ƙofar gida. Mai kalwa ne.

Laraba, 10 ga Yuli, bayan La'asar

Dakta ya ji. Ya kira ni ofis ya rufe ƙofa, ya ce, "Malama Hussaina, kin san kin saɓa doka?" Na ce ya nuna mini layin da ya ce kan dutse. Ya ɗauko takardar ya bi da yatsa har ƙasa, ya juya bayanta, ya goge tabarau. Ya ce manufar takardar a fili take. Na ce manufata ma a fili take. Ya ce in abu ya faru sunan kwaleji za a kira. Na ce ba da fartanyar kwaleji na yi ba, ba a lokacin kwaleji ba, in kuwa kora ce ya rubuto, zan karɓa da hannu biyu.

Sai ya ce, "Na san abin da ya sami gidanku." Na ce ban zo ofis don wannan ba, Yallaɓai. Na fito da sauri. Ba tsoro ba ne, haushi ne. Kowa ya sani, kowa yana son ya nuna mini ya sani.

Laraba, 17 ga Yuli, yamma

Ta kai mini ƙugu. Ganyenta faffaɗa, kore shar, in iska ta taso ƙarar da take yi irin ta gonarmu ce ta bayan gida. Na zauna a ciki na rufe ido.

Malam Umar ya sauko daga dutsensa, abin da bai taɓa yi ba. Ya ce in zo in zauna inda yake zama. Na je. Ya nuna mini inda hanyar baya ta fito daga tsakanin itatuwa. Saman dawata ya fara taɓa wajen. Ya ce, "Yanzu ina gani. Nan da kwana goma sai na miƙe tsaye. Nan da wata ko na miƙe ba ni gani." Na ce ya koma wani dutsen mana. Ya ce daga nan kaɗai ake ganin bakin hanyar, shi ya sa kakansa ma nan yake zama.

Na ce wata uku kawai nake so, ta fitar da kai ta nuna, in yanke da hannuna. Ya ce, "Malama, ni ban da wata ukku." Na ce to babu mai taɓa ta, duk wanda ya zo da lauje sai ya fara da ni. Ya ce shi bai zo da lauje ba, magana ya zo da ita. Ya koma ya zauna.

'Yan bindiga sun kore mu daga gona, sun kore mu daga gida, yanzu har kan dutse sai an tambaye su tsayin abin da za mu shuka. Ban yarda ba.

Juma'a, 19 ga Yuli, azahar

Juma'a.

Alhamis, 25 ga Yuli, hantsi

An liƙa sanarwa. Za a rufe kwaleji sai abin da hali ya yi, ma'aikata su koma Gusau su riƙa sa hannu a wani ofis. Mota za ta zo ranar Litinin, biyar ga Agusta. Yaya Saude har ta share mini ɗaki, ta ce ta sayi sabon labule. Tsakar gidanta siminti ce daga bango zuwa bango, ko albasa ba ta da wajen tsayawa. Na ce mata ina da shuka. Ta ce, "Hussaina, dawa ba za ta dawo da kowa ba." Na ce sabis ya ɗauke. Bai ɗauke ba.

Talata, 30 ga Yuli, bayan Magariba

Usur sau uku, bayan La'asar. Ina ɗakin iri. Mun shige, mun rufe, mun kwanta a ƙasa. Ba su shigo gari ba.

Idris yana gonar gyaɗarsa ta hanyar baya. An samo fartanyarsa da takalmi ɗaya.

Laraba, 31 ga Yuli, yamma

Na hau. Malam Umar yana tsaye, ba a zaune ba, idanunsa jajur. Ban gaishe shi ba, na ce ya faɗa mini gaskiya. Ya ce, "Ban ce ke ta ba. Ko babu dawa, mai yiwuwa da ban riga su ba." Na ce amma. Ya ce, "Amma na ga motsi na hwarko, na ce iska ta cikin ganye. Sai na biyu na busa."

Na tambaye shi tsakanin na farko da na biyu minti nawa ne. Ya ce shi ba ya da agogo.

Daga ɗakina ana jin gidan Zainab ta katanga. Ba kuka take ba, shara take yi, ta share ta sake sharewa. Na san wannan sharar, na yi ta wata biyu a Gusau.

Alhamis, 1 ga Agusta, hantsi

Mai unguwa ya aiko mutum uku da adduna. Na riga su hawa, da laujen Iya. Na ce musu babu wanda zai sa mata ƙarfe, ku tsaya nan. Suka tsaya. Ni na yanke, gindi ɗari da sha bakwai, tun daga tushe. Ta kai mini ƙirji. Ruwanta yana da zaƙi, ya bushe mini a hannu yana danƙo.

Ba don takarda na yi ba, ba don Dakta ba, ba don mai unguwa ba. A rubuta wannan.

Na kwashe ganyen na kai wa awakin Iya. Gwangwanin babu ko ƙwaya. Ajiya ɗaya ɗan'uwana ya ba ni a duniya.

Juma'a, 2 ga Agusta, azahar

Lahadi, 4 ga Agusta, bayan La'asar

Na ɗaure kayana tun safe. Iya ta tsaya a bakin ƙofa ta ce ba a barin gari ba sallama, tunda na ƙi gaisuwar zuwa sai in yi ta tafiya. Ban da ƙarfin musu, na ɗauki mayafi. Ta ce daga gidanta za a fara, ta ja ni bayan gida wajen madafar daddawa. Na toshe hanci na bi ta.

Bayan bukkar, jikin katanga, gindi tara ne a tsaye, sun fi ni tsayi. Ban buƙaci a faɗa mini ba, na san ganyen nan tun ina rarrafe.

Na sa hannu na shafa ganyen. Iya ta ce, "Ruwan da ya kwashe miki, ina kike tsammani ya kai ta? Sama?" Ashe baƙar ƙasar nan da irin duk a magudanar bayan gidaje suka zube. Bayan kwana biyar abu ya tsiro jere da katangu. Iya ta gane ba dawar garin ba ce, ta bi gida gida da sakainarta, matan suka cire suka dasa a ciki, bayan ɗaki, gefen makewayi, kusa da turken awaki. Ta ce takarda gona ta hana, ba ta hana tsakar gida ba, kuma katanga ba ta tare wa Umar hanya. Na ce don me ba ku faɗa mini ba. Ta ce, "An tambaye ki taki, kin ce a tambayi ruwa."

Gida goma sha huɗu muka shiga. Wani uku, wani biyar, gidan mai unguwa kansa shida, matarsa ta ce in ya yi magana a daina ba shi tuwo. Sittin da ɗaya na ƙirga. A kowane gida an tambaye ni sunana, na faɗa, an yi tambayar da nake gudu, ina wanda aka haife mu tare. A gida na farko na kau da zancen. A na uku na ce yana 'Yankuzo. A na bakwai na faɗi gaskiya, cewa tun da ya koma ba mu sake ganinsa ba, matar ta ce nata ƙanen tun bara, ta ba ni ruwa na sha.

Gidan Zainab ne na ƙarshe. Na tsaya a zaure na ce wa Iya ba zan iya ba, ta tura ni da gwiwar hannu. Zainab tana zaune da tsintsiya a gefenta. Nata bakwai ne, sun fi na kowa kyau, Idris ne yake zuba musu taki. Na durƙusa na gaya mata abin da Malam Umar ya ce, motsi na farko da na biyu, ban rage komai ba. Na ce in tana so in tumɓuke su yanzu ta daina ganinsu. Ta juya ta dubi dawar. Sannan ta ce, "Ba ke kinka ɗauke shi ba. Kada ki taɓa min su. Shi ya ce yana son ya ga iyakar tsawonta, in ya dawo shi tarar da ita."

Litinin, 5 ga Agusta, hantsi

Motar ta zo ta tafi. Dakta ya leƙo ta taga ya ce, "Malama Hussaina, sa hannu fa a Gusau ne." Na ce ya sa mini, Yallaɓai, ina da gida goma sha huɗu da zan duba, kuma tsuntsaye za su fara nan da wata biyu. Ya goge tabarau, ya miƙo mini makullin ɗakin iri. Yaya Saude za ta yi faɗa, zan hau sama anjima in tsaya ta gama, ba zan kashe ba.

Na kwance kayana. Na karɓi tsintsiyar Zainab na ɓoye, na ba ta kalwa ta taya Iya tsincewa.

Sannan na je ɗakin iri na buɗe rajista. Sunan iri: 'yar Yari. Garin da ya fito: 'Yankuzo. Na ƙara da hannuna a gefe, inda take yanzu: Kwatarkwashi, gindin dutse, a tambayi mata. Layin ƙarshe na daɗe ina kallonsa, biro ya ƙi kamawa sai da na goga shi a tafin hannu.

Wanda ya kawo: Hassan Yusha'u. Ya ce zai dawo ranar Juma'a.